Wutar da ke Bin Bututun Inji na Huɗu

Litinin, bayan magariba

Mai ɗakina ce ta ce in riƙa rubutawa, wai tunda na ƙi magana da mutane, in yi da takarda. To ga shi.

Yau kwana uku da abin da ya sami Uwar Biyu. Shekara tara tana aiki a gidan wankinmu, ita ke kula da inji na huɗu, babban nan da ke wanke zannuwan gadon otal-otal. Ranar Juma'a da hantsi ta ɗora hannu a murfin injin, ƙafarta cikin ruwa, wuta ta riƙe ta. Mai Tukunya, wanda ke hura mana tukunyar tururi, shi ya doke hannunta da sandar tsintsiya ta faɗi. Tana asibiti. An ce ta farfaɗo, hannun dama ne bai dawo ba.

Ni ne mai gyaran wuta na gidan. Ni kaɗai. Duk wanda ya ji labarin, abin da yake fara tambaya ke nan.

Da safe wasu mutum biyu daga hukuma sun zo sun ɗaure ƙofar babban akwatin wuta da waya, suka buga hatimi. Sun ce mai bincike za ta zo nan da mako biyu, kafin nan ba mai buɗewa. Manaja ya ce mini, "Mai Wuta, kada ka taɓa komai." Ya tura ni canja ƙwan fitila a ofis.

Ban taɓa komai ba.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya tara mu a ɗakin guga ya ce ya gano: fanka ce. Tsohuwar fankar ƙasa da mata ke jawowa kusa da inji saboda zafi, wayarta ta ɗaye tana kwance cikin ruwa. Ya ɗaga wayar kowa ya gani. Ya ce an jefar da fankar, an shimfiɗa roba a ƙasa, gobe inji na huɗu zai ci gaba da aiki, Mai Guga za ta riƙe shi.

Minti ashirin yana zancen wuta, mai gyaran wuta na tsaye gabansa, ko sau ɗaya bai waiwayo ya ce mini "ko ba haka ba?" Me ya sa?

Ni ma ban ce uffan ba. Na ga wayar da idona.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Fanka ce.

Alhamis, bayan la'asar

Ina wucewa da tsani Mai Guga ta kira ni tana dariya. Ta ce, "Mai Wuta, famfon bayan injin nan cizo yake yi. Ka ja masa kunne."

Na ce wane irin cizo?

Ta ce kamar tururuwa, in hannunta da lema. Ba kullum ba.

Na ajiye tsani na ɗauko mita mai baki. Wannan ba taɓawa ba ce. Ka danna, bakinta ya buɗe kamar na kaguwa, ka zagaye waya da shi, ka saki. Ba yanka, ba kwance ƙusa, ƙarfe ba ya haɗuwa da ƙarfe.

Mai Tukunya ya tsaya a kaina yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ya ake auna abu ba a taɓa shi ba?" Na ce masa wuta in tana tafiya cikin waya ba ta tafiya shiru, tana tayar da maganaɗisu kewaye da wayar. A cikin bakin mitar akwai naɗin siririyar waya, ɗaruruwan zagaye, shi ke jin wannan maganaɗisun ya gaya mini yawan wutar da ke wucewa. Ya ce, "Ashe ita ma gulma take ji ta bayan bango." Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Me ya kawo zancen gulma?

Na zagaye bututun ruwan injin da bakin mitar. Bututun ƙarfe ne, ruwa kawai ya kamata ya bi cikinsa. Ta nuna sifiri. Na yi ajiyar zuciya.

Sai hitar injin ta kama, wadda ke dafa ruwan. Lamba ta tashi. Kusan rabin amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke wucewa.

Na cire mitar na sa a aljihu. Mai Tukunya ya ce nawa ta ce? Na ce batir ya yi sanyi.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na zo kafin kowa, na jira aka tayar da injuna. Bututun inji na ɗaya, sifiri. Na biyu, sifiri. Na uku, sifiri. Na huɗu, da zarar hita ta kama, rabin amfiya.

Kashi ɗaya cikin goma na wannan ya isa ya tsayar da zuciyar mutum.

Na ce wa Mai Guga kada ta ƙara danna madannin hita, ta yi wanki da ruwan sanyi. Ta ce don me? Na ce don haka na ce.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

An taɓa mini akwatin kayan aiki. Kullum mitar tana kwance bakinta na duban hagu. Da na dawo daga masallaci na tarar yana duban dama. Makulli biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a ofis.

Kuma na hangi Mai Tukunya a ƙofar Manaja suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka gan ni Manaja ya ɗaga murya yana tambayar gawayi. Tukunyarmu ba ta cin gawayi. Mai take ci.

Asabar, da hantsi

Wataƙila mitar ce ke ƙarya. Wataƙila an yi mata wani abu.

Na gwada ta a gida. Na raba wayar fitilar tebur, na zagaye ɗaya da bakin, ta ba ni abin da ƙwan ya kamata ya ja. Na naɗa wayar sau goma a cikin bakin, ta ba ni ninki goma cif. Na kwance na sake. Sau huɗu.

Mai ɗakina tana tsaye da kwanon wanke-wanke ta ce, "Wannan fitilar me ta yi maka?" Sannan ta ce, "Ka je ka duba Uwar Biyu kuwa?"

Na ce gobe.

Lahadi, bayan la'asar

Ban je asibiti ba. Gidan Baba na je, surukina, wanda ya koya mini aikin nan tun ban san sukundireba ba. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma yana da tsohuwar mita mai allura wadda ba ta san batir ba. Na ce ya ara mini.

Ya ce taka fa?

Na gaya masa abin da na gani. Ya murza carbi. Ya ce hitar ta huje, wuta na zuba cikin ruwa, wayar ƙasa da ke kwashe irin wannan wutar kuma ta ci tsatsa ta katse, shi ya sa wutar ta samu hanya ta bututu. Na ce haka na yi zato.

Ya ce, "To. Amma ai ni na sa muku birekan nan mai jin yoyo da hannuna, shekarar da aka buɗe gidan. Wutar da ba ta kai wannan ba ma yana katsewa kafin mutum ya ƙifta ido. Rabin amfiya a bututu, yana zaune yana kallo?"

Na ce kaya suna tsufa, Baba.

Ya ce, "Suna tsufa."

Na tambaye shi maganin idonsa. Ya amsa. Na tambaye shi kajinsa. Ya amsa. Da zan tafi ya miƙo mitar, amma bai sake ta nan da nan ba. Mu biyu muna riƙe da ita. Ya ce, "'Yata ta ce ba ka cin abinci."

Ashe har nan ta kawo zancena.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya

Allurar Baba ma ta tashi. Mita biyu ba za su haɗa baki ba.

Ta tashi ne domin hita na aiki. Mai Guga ta ce Manaja ya zo ya ce zannuwan otal ba sa fita da ruwan sanyi, shi ya danna da kansa.

Na same shi a ofis. Na rufe ƙofa na faɗa masa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya ba ka izinin aunawa?"

Na ce ban taɓa komai ba, ranka ya daɗe. Hatimi na nan yadda yake.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Mai Wuta, ni ban iya riƙe sukundireba ba. Kowa a gidan nan ya san haka. Duk abin da aka tarar cikin akwatin can, ba a ofis aka ƙulla shi ba." Sai ya yi murmushi ya tambaye ni lafiyar yara.

Bai taɓa tambayata yara ba.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Duk yini ina zagaya inji na huɗu kamar mai neman abin da ya yar. Mai Guga na sanye da takalmin roba. Na ƙirga, sau shida ta taɓa famfon.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Ta cire takalmin. Wai yana sa mata ƙaiƙayi. Na shigo na gan ta ƙafa ba komai a kan jiƙaƙƙen siminti, cikinta ya fara fitowa, tana miƙa hannu bayan inji.

Ban san lokacin da na isa bango ba. Kowane inji yana da makunninsa a waje da babban akwati. Na ja na huɗu ƙasa, na ciro wani kwaɗo daga akwatin kayana na datse shi. Injin ya mutu da zannuwa cike da cikinsa.

Manaja ya sauko yana faɗa, ya ce in buɗe. Na ce makullin ya ɓace. Yana cikin safata.

Yau na taɓa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ba mai yi mini magana. Aiki ya taru, mata suna tashi a makare, sun san ni na jawo. Mai Guga kaɗai ta gaishe ni, ita ma ban sani ba ko aiko ta aka yi.

Asabar, bayan azahar

Manaja ya kira ni, har da ba ni kujera. Ya nuna mini rahoton da ya rubuta wa mai bincike: ma'aikaciya ta jawo fanka mai ɓatacciyar waya cikin ruwa, saɓanin ƙa'ida. Na ce me zai biyo baya? Ya ce za a sallame ta, amma cikin mutunci.

Sannan ya buɗe aljihun tebur. Guntuwar waya da hatimi, irin na jikin akwatin sak. Bai ce ga shi ba. Cewa ya yi, gobe Lahadi ba kowa, mai gadi ma yana zuwa cin abinci da rana. Ya ce, "In akwai abin da ke son shara, a share. Inji ya gyaru, kowa ya tsira. Wa aka cuta?"

Ina ya samo hatimin hukuma? In na shiga gobe, wa zai kasance a ɓoye yana kallo? Ko so yake a kama ni da hannu cikin akwati?

Ko kuwa da gaske taimakona yake so ya yi. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na sa takalmi. Na cire.

Lahadi, bayan la'asar

Na sake sawa, na fita har bakin titi. A can na haɗu da Mai Tukunya da leda a hannu. Na ce daga ina? Ya ce daga gidan Uwar Biyu, an sallamo ta jiya. Kullum yana zuwa.

Na ce me kuke ƙullawa kai da Manaja?

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "So yake in sa hannu cewa na ga ƙafarta a kan wayar fanka. Na ce ni hannunta na gani a kan inji." Ya gyara riƙon ledar. "Ni ba na ƙulla komai, Mai Wuta. Amma ina nan ranar nan, wata huɗu da suka wuce. Ni na riƙe maka tocila. Ka manta?"

Ban manta ba.

Ya ce, "Ban gaya wa kowa ba. Ba bakina ya kamata a ji shi ba."

Na koma gida.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya.

Wata huɗu da suka wuce birekan ya fara faɗuwa, sau biyar, sau shida a rana. Duk faɗuwa injuna huɗu su tsaya. Na san abin da yake faɗa mini: wani abu na yoyo. Ya kamata in tsayar da aiki yini guda in bi injunan ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya ce ba yini, ba rabin yini, otal uku na jira. Ya ce in yi dabara, kwana biyu kawai.

Na yanko jar waya, tsawon yatsa biyu, na tsallake birekan da ita. Wuta ta riƙa wucewa ta gefensa, ba ya jin komai.

Bayan kwana biyu na je cirewa. Na tuna ina tsaye gaban akwatin, sukundireba a hannu. Na tuna an ƙwala mini kira, famfon tukunya ya tsaya. Na tuna na rufe ƙofar akwatin. Abin da na kasa tunawa shi ne jar wayar a tafin hannuna. Mako biyu ke nan ina neman ta a cikin kaina. Wani lokaci ina ganin na jefa ta kwandon shara. Wani lokaci ba na gani.

Birekan bai ƙara faɗuwa ba tun daga ranar. Ban tambayi kaina dalili ba.

Na karanta wa mai ɗakina. Ta tashi ta goge mini farar rigata.

Talata, bayan la'asar

Mai binciken ta zo ƙarfe tara. Mace ce mai gilashi, ba ta son shayi, ba ta son kujera. Da mitarta mai baki ta zo, ƙarama, ta fi tawa jin ƙaramar wuta. Ta ga kwaɗona a makunnin inji na huɗu ta ce na wa? Na ce nawa. Na ciro makulli na buɗe. Ta sa kowa ya ja baya, aka kunna, ta zagaye bututun. Ta dubi lambar, ta dubi Manaja, ta kashe da kanta.

Sannan ta yanke hatimi.

Wayar tana nan, ta tsallake birekan. Baƙa ce.

Na matsa na duba da kyau. Baƙa, ta fi tawa kauri, an fere bakinta da wuƙa, gashin tagulla ya yi cirko-cirko a ƙarƙashin ƙusa. Ko ina ɗan koyo Baba ba zai bar ni in ɗaura waya haka ba.

Ashe na cire. Ashe wani ya ga yadda ake yi ya mayar.

Ta ce, "Wannan aikinka ne?"

Ba nawa ba ne. Da na ce a'a, da gaskiya na faɗa, kuma ko makaho ya shafa ya san ba hannun mai sana'a ba ne. Mai Tukunya na can baya yana kallon ƙasa.

Na ce, "Wannan ba tawa ba ce, ranki ya daɗe. Amma akwai wadda ta riga ta, ja, ita tawa ce. Ni na fara. Na san akwai yoyo ban neme shi ba, kuma da birekan ya yi shiru na ji daɗi. Fankar ba ta yi komai ba. Matar nan ba ta yi komai ba."

Ta rubuta. Ta ce wa ya umarce ka? Na faɗa. Ta ce wa ke da makullin akwatin? Na ce biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a ofis. Manaja ya fara cewa shi bai iya riƙe sukundireba ba. Ta ce ba ta tambaye shi ba tukuna.

An karɓi katina na aiki har sai an gama. Wa ya sa baƙar wayar, ban sani ba. Ina da zato. Na gaji da zato.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na je.

Tana zaune a tabarma a tsakar gida, hannun daman a kan cinya, yatsun sun lanƙwashe ciki. Likita ya ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Tagwayen suna leƙe ta labule.

Na durƙusa na ce, "Yaya, magana na zo da ita." Na faɗa mata duka, tun daga jar waya.

Ta dubi hannun nata. Sai ta ce, "Ba fankar ba ce?"

Na ce ba ita ba ce.

Ta ce, "Mako uku ina cewa ni na jawo ta da hannuna. Har 'ya'yan nan na hana su kunna ta ɗaki, suna kwana cikin zufa." Ta share ido da bayan hannun hagu. "Ban ce na yafe ba, Mai Wuta. Ban ce ban yafe ba. Ka dawo wani makon ka tambaye ni."

Na ce to, Yaya.

Ƙwallon ya suɓuce mata ya gangaro gaban gwiwata. Na ɗauka zan miƙa mata. Ta ce, "A'a. Ajiye shi nan ƙasa."

Na ajiye. Ta sunkuyo ta ɗora hannun a kai. Yatsun suka ƙi. Ta sake, ya zame. Gumi ya feso mata a goshi. Ɗaya daga cikin tagwayen ta yunƙuro, ta harare ta ta koma.

A karo na biyar babban yatsa da manuni suka kama. Ta ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ta riƙe shi a nan tana kallona.

Ta ce, "Ka gani? Kalla da kyau."

Na kalla.